Ranar da Dogo Ya Canza Lambar Sirri

Dogo mutum ne mai ganin ya fi kowa wayo, kuma duk fim ɗin da ya kalla sai ya ga ai shi ne jarumin. Shagon kafinta suke da shi tare da yayansa. Yaya ne ke riƙe da zarto da guduma, shi kuwa Dogo aikinsa ɗaukar hoton kujeru ya ɗora a shafin shagon na intanet, ya amsa wa masu saye.

Wata Asabar da rana suka jingina waya a jikin gwangwanin fenti, suka kalli fim a kan wani matashi da ya kafa kamfanin sada zumunta, ya ture abokin da suka fara tare.

Da aka gama, Yaya ya karkaɗe garin katako daga wandonsa ya ce, "Wallahi tausayi ya ba ni. Ya haɗa duniya zumunci, shi kuma ya rasa aboki ɗaya."

Dogo ya yi dariya. "Yaya ke nan, ba ka gane ba. Mai riƙe da shafi shi ne mai kamfani. Sauran duk 'yan aiki ne."

Kafin sati ya zagayo ya canza lambar sirrin shafin, ya goge lambar wayar Yaya, ya sa tasa. Masu saye suka ci gaba da kira, shi kuma yana kai aikin wurin wasu kafintoci masu arha. Hotunan dai na aikin Yaya ne. Yaya ya zauna wata biyu shago shiru, yana zaton kasuwa ce ta mutu, har sai da wata tsohuwar mai sayen kayansa ta zo da wata kujera da ƙafarta ta ɓalle tana faɗa, ta ce ta shafin shagon ta saye ta. Ya juya kujerar, ya ga ɗanyen katako ne, ya gane komai.

Shafin da Dogo ya ƙwace shi ya tona masa asiri. Kowa ya ɗora hoton ƙofar da ta lanƙwashe da gadon da ya tsage, ana zaginsa. Ya goge, suka ƙara. Ƙarshe dole ya rufe shafin da hannunsa.

Ya koma shagon jiki a sanyaye, yana fatan Yaya ya zage shi ko ya mare shi, a wuce wurin. Bencin da yake zama a kai ma an ɗauke. Yaya ya ɗago kai daga katakon da yake gogewa, ya dube shi ba fushi ba fara'a.

"Sannu da zuwa, Malam. Me za a yi maka, tebur ko kujera?"

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa. Har yau haka suke gaisawa, abin takaici.

Darasin shi ne, kada burgewar fim ta sa ka ci amanar wanda guminsa ke riƙe da kai. Shafi ana iya buɗe wani gobe, amma ɗan'uwan da ya fara kiranka Malam da wuya ya sake kiranka ƙane.