Gajeriyar Ƙofar Masallacin Murjanu

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani magini mai taurin kai, mai kaifin baki, ana ce masa Tankari ɗan Buwai, jikan gwanin da ya gina masallacin farko a birnin Murjanu, wurin da aka fara kiran salla a ƙasar kaf. Gini ne na tubali mai kusurwa takwas, da ƙubba koriya shar bisa ginshiƙai huɗu masu lanƙwasa kamar bakan gizo, amma ƙofarsa gajeriya ce, mai shigarta na duban alƙibla, don kowa ya shiga a sunkuye ga Ubangijinsa. Zuriyar maginin kaɗai ke iya taɓa ginin, ko aljani ya gwada sai hannunsa ya ƙone.

Sai Barƙiyanu, Sarkin jajayen aljanu, ƙasaitacce, gagararre, wanda bai taɓa sunkuya wa kowa ba, ya yi sha'awar ziyartar masallacin, don dai a ce ya je. Ya sa guguwa ta suro Tankari ta dire shi a fadarsa ta bayan tekuna bakwai.

Sarki ya ce, "Ya kai magini, ɗaga mini ƙofar nan in shiga a miƙe, ko in busar da hannunka na dama."

Tankari ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙofar ce ta gajarta ba, wuyanka ne ya yi tsawo. Ga hannun."

Nan take hannun ya bushe kamar kara. Tankari ya ji zafi har cikin ransa, don magini ba hannu ai an gama da shi. Da guguwa ta mai da shi gida, gogan naka ya kwaɓa ƙasa da hagu, ya ƙara azara ɗaya a saman ƙofar, ta ragu da taƙi guda, ya shige ciki ya harɗe.

Labari ya kai wa Barƙiyanu. Ya taso a fusace, ƙasa na girgiza, ya hango maginin zaune, ya kutsa kai don ya cafko shi, rawani ya faɗi, gwiwoyi suka kai ƙasa, goshi ya dubi alƙibla.

Tankari ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Tunda ka riga ka durƙusa, ƙarasa mana."

Jikin Sarki ya yi sanyi, ya kai goshi ƙasa yana kuka. Kafin ya ɗago, jini ya koma hannun Tankari. Allah Ya raba mu da girman kai.