Yadda Kurege Ya Ci Burtali

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Ai kuwa ta zo, sai ku gyara zama. Kai mai tura itace a wuta, ya isa haka, ba sa za mu gasa ba.

Wai a wani zamani dabbobin dawa suna da gari, garin kuwa ya cushe. Kowa ya tashi gini sai ya gina inda idonsa ya faɗa. Ƙofar Bushiya tana buɗewa cikin madafin Zomo, kwatar Zomo tana zuba a zauren Dila. Ran da tsohuwar Barewa ta rasu, sai ta kan katanga aka fitar da ita, don babu lungun da makara za ta wuce. Wannan abin kunya shi ya sa suka ce a tashi a sari sabon gari a kan tudu.

Aka ba Baba Kunkuru aikin tsara garin, don ya fi kowa daɗewa a duniya, kuma ko gobara ake yi ba ya gaggawa. Kwana bakwai ya yi yana zagaya tudun. Sannan ya tara jama'a a gindin tsamiya, ya ce, "Nan kasuwa. Can makabarta. Can gangare kududdufi, a riƙa ɗibar ƙasar gini, ruwan gari kuma ya sami wurin zuwa. Wancan fili na gabas kada kowa ya taɓa, na jikoki ne."

Sai Kurege ya miƙe. Kun dai san Kurege, ɗan ƙaramin jiki, wutsiya kamar tsintsiya, ciki kuwa bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Ya ce, "Baba, jikokin wa?"

Kunkuru ya ce, "Waɗanda ba a haifa ba."

Kurege ya ce, "To ai waɗanda ba a haifa ba ba su cin gyaɗa."

Aka yi dariya. Kunkuru ya jira aka gama, ya ci gaba. "Saura burtali, hanyar da shanu za su riƙa bi zuwa rafi in kaka ta yi. Faɗinsa taku arba'in, da takun Jimina. A dasa aguwa dama da hagu ta zama shinge."

Kurege ya sake miƙewa. "Baba, shanu nawa ke wucewa ta nan?"

"Tara."

"Shanu tara, taku arba'in? A gicciye za su riƙa tafiya?"

"Saniya tana haihuwa, Kurege. Fili ba ya haihuwa."

"To a auna da takuna mana, ni ma ai ina da ƙafa."

Aka ce masa ya zauna. Jimina ta taka arba'in, aka saro rassan aguwa aka kakkafa a ƙasa, don da rani ake dasa ta. Aka kuma kafa doka: duk wanda ya ci burtali, ko da taƙi ɗaya ne, a karɓe filinsa, ya bar gari. Kowa ya ce ya ji ya yarda. Muryar Kurege ta fi ta kowa ƙarfi.

Da aka zo rabon filaye, kowa yana neman kusa da kasuwa, Kurege ya ce shi bawan Allah ne, a ba shi can gefen burtali inda babu mai so. Aka yi ta yaba masa. Shi kuwa ya riga ya shinshina wurin. Shekara da shekaru shanu suna bi suna zubar da taki, ƙasar ta yi baƙi wuluk, irin wadda in ka jefa gyaɗa ɗaya za ta dawo maka da 'yan uwanta.

Kullum da safe sai ya tsaya a bakin shinge yana kallon burtali. Ga ƙasa kwance, ba mai nomawa, wai ana jiran 'yan maruƙan da uwayensu ma ba a haifa ba. Abin yana cin ransa har abinci ba ya masa daɗi.

Ran Laraba, ranar kasuwa, gari ya watse zuwa cin kasuwa. Da rana ta take tsaka Kurege ya leƙa gabas, ya leƙa yamma, ba kowa. Ya kama reshen aguwa ya ja, ya ji ta fara kama ƙasa. Ya sake ja, ta ƙi. Ya ce, "Ni ba dambe na zo yi ba." Sai ya karye ta daidai da ƙasa, ya tura rairayi ya rufe guntun, ya kai saman gaba da taku ɗaya na Jimina ya kafa. Haka ya bi layin duka. Kafin 'yan kasuwa su dawo, shinge yana nan tsaye lafiya lau, sai dai gonar Kurege ta yi ƙiba.

Matarsa Tasalla ta ga hannunsa duk farin ruwan aguwa. Ta ce, "Malam, me ka taɓa?"

Ya ce, "Fura na dama."

Ta ce, "Furar da ke manne wa gashi? Malam, ka ji tsoron Allah. Babana shekara talatin yana dasa wa mutane shinge. Aguwa ba ta mutuwa. Ko guntunta ka bari a ƙasa..."

Ya katse ta. "Shekara talatin yana dasa wa mutane shinge, shi gonarsa taku nawa ce?"

Tasalla ta ci gaba da tankaɗe.

Laraba ta zagayo, Kurege ya karya, ya rufe, ya kafa. Wata Laraba ta zo, ya karya, ya rufe, ya kafa. Har aka fara cewa Kurege ya zama mutumin kirki, ya daina yawon kasuwa. Laraba goma, taku goma. Burtali ya koma talatin, ba wanda ya lura, don shanu sai kaka, Baba Kunkuru kuwa in ya ce zai zo duba wuri, sai ka yi shuka ka girbe.

Ruwa ya sauka. Kurege ya shuka gyaɗa tun daga ƙofar gidansa har bakin sabon shinge. Gyaɗa ta fito kore shar. Ya riƙa zagayawa hannu a baya, yana wa Tasalla lissafin rumbun da zai gina.

Wata safiya ya fito, sai ya ga wani abu ya tsiro a tsakiyar gyaɗa, a jere. Ya matsa. Aguwa ce. Ya ɗaga kai, ga wani layin. Ga wani. Duk guntayen da ya binne sun sha ruwa sun farka, layi goma reras, kowane layi da Larabarsa, kamar an tsayar da shaidu a gaban alƙali.

 Ya ɗauko fartanya ya sare, bayan kwana uku suka fito da rassa biyu biyu. Ya tattara saran ya watsar a bayan gida, can ma suka kama. Ya ce, "Tasalla, me ya sa ba ki gaya mini abar nan ba ta mutuwa ba?"

Ta ce, "Fura ce ai, Malam. Sha za ka yi."

To, a tsarin Baba Kunkuru, in shuka ta yi kwana arba'in ana zagayen iyaka, a duba ko kowa yana inda aka ajiye shi. Ranar ta zo. Tun da hantsi Kurege ya hango su tafe, Kunkuru a gaba, jama'a a baya suna taka ƙafa ɗaya suna hutawa. Wannan jira shi ya fi komai azaba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya shiga ya fito. Tasalla ta fara ɗaure tukwane, tana hawaye, don ita tana son garin nan, ga maƙwabta, ga rijiya kusa. Kurege ya ga haka. Ya zauna a dokin ƙofa ya kama wutsiyarsa yana tunani.

Sai azahar suka iso. Kunkuru ya miƙa wuya ya dubi gonar, ya fara ƙirga. "Ɗaya. Biyu. Uku." Kowace lamba sai ya huta. Kafin ya kai goma, Dila ya riga ya fara tambayar wa za a ba filin.

Kurege ya faɗi a gaban Kunkuru, ya ce, "Kash, Baba, kun ɓata mini shiri. Na so sai kaka in nuna muku."

Kunkuru ya ce, "Nuna mana me?"

"Reno nake yi, Baba. Renon aguwa. Tun ran da ka yi maganar jikoki ban sake barci mai daɗi ba. Na ce, yaran nan in sun zo, ina za su sami aguwar shinge? Ga filinsu ba a kewaye ba, ga burtali bai kai rafi da shinge ba. Shi ne na ari ɗan gefen hanya ina rena wa gari iri. Ko kasuwa na daina zuwa, a tambayi kowa."

Jama'a suka ce wannan kam gaskiya ne, ya daina zuwa kasuwa.

Kunkuru ya daɗe yana kallonsa. Tsoho ne, ya san ƙarya tun tana rarrafe. Amma ya dubi Tasalla da ƙullin tukwanenta, ya dubi aguwa layi goma, ya tuna aikin shingen da ya rage ba mai yi. Ya ce, "Madalla da kai. To ita gyaɗar da ke tsakanin layukan fa?"

Kurege ya yi lissafi. In ya ce tasa ce, ya ci burtali. Sai ya ce, "Ta... ta baƙi ce, Baba. Sadaka ce. Shanu in sun zo wucewa su ɗan taɓa."

Kunkuru ya ce, "Jama'a, kun ji. Allah ya ba da lada." Aka shafa fatiha, har da Kurege.

Nan take aka naɗa shi Sarkin Shinge. Aka ce layin farko, na ainihi, ya tsaya inda yake. Sauran kuwa, tun da shi ya rena su, shi ya san halinsu, shi zai tone su da saiwarsu, ya kai su har rafi, ya kuma kewaye filin jikoki. Kunkuru ya ƙara da cewa, "A tone, Sarkin Shinge. Kada a karya."

Kaka ta yi, gyaɗa ta nuna, irin nunar da Kurege bai taɓa gani ba. Sai ga shanu. Ba tara ba, goma sha huɗu, da 'yan maruƙa suna tsalle. Babbarsu, Goggo Saniya, ta tsaya ta ce, "Ina mai sadakar?" Aka nuna shi. Suka shiga suka ci gyaɗa, suka ci harawa, suka tattake abin da ya rage. Kowace in za ta wuce sai ta ce, "Allah ya ƙara arziki, Sarkin Shinge." Shi kuma dole ya ce, "Amin, Goggo, ba komai." Sau goma sha huɗu ya faɗa. 

Shekara uku ya yi yana dakon aguwa a haƙarƙarinsa, dama da hagu, farin ruwanta yana zuba masa. Shi ne farin layin nan da kuke gani a gefen kurege har yau, ba ya wankuwa. In kuma kun gan shi ya miƙe tsaye a bakin hanya yana murza hannu, shanu yake ƙirgawa.

Shekaru suka wuce, shanu suka kai ɗari uku, suka riƙa bi ta burtali ba su taɓa katangar kowa ba. Aka buɗe filin gabas aka raba wa jikoki. Da aka ƙirga, talatin da biyu daga cikinsu na Kurege ne, kuma ba abin da suke ci sai gyaɗa. Ya tsufa, yakan zauna a gindin tsamiya yana cewa, "Garin nan da ni da Kunkuru muka tsara shi. Shi ya so taku talatin ma, ni na ce arba'in." In ya faɗi haka, Tasalla takan leƙo ta ce, "Malam, a dama maka fura?" Sai ya yi tari ya canja magana.

Ƙurunƙus, kan kurege da wutsiyarsa.

Darasin a nan shi ne, in za ka ci iyaka, ka fara tambayar matarka sana'ar babanta. Ku tashi haka nan. Kai kuma mai dariyar nan, ka gaya wa kawunka na ga katangar da ya jawo cikin lungunmu, kuma gobe da sassafe zan dasa aguwa.