Bushiya da Rumfar Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, Ɗanjuma, janye ƙafarka daga tabarmata tukuna. Yauwa.

An yi wata Bushiya wadda uwarta ta mutu ta bar mata rumfa a kasuwar daji da 'yar gonar gyaɗa. Kasuwa na ci duk Laraba. Bushiya ta ɗauko gyaɗarta a kwando, ta zauna tana kira: "Gyaɗa! Gyaɗar kowa da kowa!" Har rana ta faɗi ko ƙuda bai sauka a kwandon ba.

Sarkin kasuwa Bauna ne, ba ya son rumfar da ba ciniki. Ga Dila kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rumfar nan, don tana bakin hanya. Bauna ya ce, "Bushiya, na ba ki kasuwa biyu. In ba a yi layi a gabanki ba, rumfa ta zama ta Dila."

Bushiya ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma da ta share hawaye sai ta ce, "Rumfar uwata ba za ta koma hannun mai dogon baki ba."

Laraba ta zagayo. Bushiya ba ta ɗauko kwando ba, ƙafafunta ta ɗauko. Ta je ƙofar kasuwa inda jakuna ke sauke kaya, ta ce, "Malam Jaki, me ya hana ka sayen gyaɗata?" Jaki ya ce, "'Yan ƙwayoyin nan? Ina za su kai a cikina? Ni harawa nake nema, ganyen da kike zubarwa."

Ta je gindin tsamiya inda tsofaffin kunkuraye ke hutawa, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo Kunkuru, me ya hana ki sayen gyaɗata?" Kunkuru ta wangale baki ta ce, "Duba nan, 'yar nan. Kin ga haƙori? In da kunu ne, da mun sha."

Ta je zangon birai fatake, ta ce, "Madugu, me ya hana ka sayen gyaɗata?" Biri ya ce, "Tafiyar kwana goma ke gabanmu. Guzuri muke so mai tauri, wanda ba ya lalacewa a hanya."

A hanyar gida ta gamu da Kura. Kura ta ce, "Ni nama nake ci." Bushiya ta ce, "To, ke ba tawa ba ce," ta wuce abinta.

Kwana shida Bushiya ba ta huta ba. Ta ɗaure harawa dami-dami. Ta soya gyaɗa, ta daka, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli har tafin hannunta ya yi kanta. Sauran ta ajiye don kunu.

Ashe Dila na leƙe ta katanga. Ya yi dariya ya ce, "Wawiya! Kaya uku, wahala uku. Ni tukunya ɗaya zan yi, in kwashe su duka." Ya samo ƙatuwar tukunya, ya zuba kunu, ya tura harawa a ciki, ya watsa ƙuli-ƙuli, ya juya da muciya. Ɗanjuma, daina yamutsa fuska, ba kai za a ba ba.

Ranar kasuwa ta ƙarshe Dila ya riga kowa zuwa, yana ta ihu: "Abincin kowa da kowa!" Muryarsa ta fi ta Bushiya sau goma, aka yi caa a kansa. Bushiya ta jera kayanta, ta zauna. Jaki ya sansana ya ce, "Wa ya jiƙa mini harawa?" Kunkuru ta kurɓa, kara ya maƙale mata a wuya, ta yi ta tari. Biri ya tsamo ƙuli-ƙuli ya ga ya zama taɓo, ya ce, "Wannan ko kwana ɗaya ba zai yi ba."

Sai Bushiya ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, kowa sunansa ta kira. "Malam Jaki, ga harawarka busasshiya. Gwaggo, ga kunu mai ɗumi, na tace sau biyu. Madugu, ga guzurinka, ƙwanƙwasa ka ji." Kafin azahar layi uku sun miƙe a gaban rumfar, har Bauna da kansa ya rasa ta inda zai wuce.

Bauna ya ce, "Bushiya, rumfa taki ce. Kai kuma Dila, ka ce abincin kowa da kowa ne, ai kana cikin kowa. Zauna ka cinye." Dila ya ci har idanunsa suka firfito, kwana uku yana zarya bayan gari. Bushiya kuwa ta share rumfa, ta zauna a kan turmin da uwarta ke zama, ta ce a hankali, "Inna, ban bari ba."

To kun ji. Wanda ya ce kayansa na kowa ne, bai san kowa ba. Ka taka ka tambayi mutum abin da yake so, ka kai masa, ka ƙyale wanda ba naka ba.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa! Ba don Dila ya ƙwalƙwale tukunyar ba, da na ɗebo wa Ɗanjuma.