Baba Jatau da Zanen Azara

Ku yi haƙuri, malamai da 'yan uwana ɗalibai. Ni ba malama ba ce, ban taɓa tsayuwa gaban mutum uku na yi magana muryata ba ta yi rawa ba. Wannan ne rubutuna na farko, sau huɗu ina yagawa. Kakana ne yake ba mu labarin bayan sallar la'asar, zan faɗe shi yadda yake faɗa. Inda na yi kuskure, nawa ne.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake rufin aji da azara da ƙasa. Bawan Allah ne, ana ce masa Baba Jatau. Shi ne mai shara a makarantar firamare, shi ne mai gadi. Bai iya karatun boko ba ko kaɗan. Makarantar kuwa ba a koyar da zane a cikinta, yaron da aka kama yana zane a bayan littafi bulala shida ce.

To, ku saurara. Baba Jatau yakan tsinto takardun buhun siminti, ya kakkaɓe, ya yanka, ya ɗebo gawayi daga murhunsa. In an fita tara, sai yara su zagaye shi a gindin darbejiya. Yakan ce, "Kar ku zana abin da kuke zato. Ku duba tukuna. Ku sake dubawa."

Akwai wata yarinya 'yar aji uku, Lantana, mai shiru-shiru. Ita ce ta fi kowa dubawa.

Ana cikin damina aka ce sufeto zai zo. Hedimasta, Malam Ilu, ya sa aka shafe bangon makaranta da farar ƙasa, fari fat. Washegari da safe aka tarar da zane a jikin bangon, baƙi ƙirin, ya kai tsawon mutum.

Aka buga ƙararrawa. Aka jera yara. Malam Ilu ya fito da bulala, idonsa jawur.

"Wanda ya yi wannan, yau ya gama makaranta. Wane ne?"

Lantana tana layin baya, ta ɓoye yatsunta cikin hijabi. Ta san in aka kore ta, babu wata makaranta sai an yi tafiyar yini.

Malam Ilu ya juya. "Baba, kai ke buɗe ƙofa. Ka ga mai shi?"

Jama'a, ku duba wannan wuri. In ya ce bai gani ba, ya yi ƙarya. In ya faɗi suna, ya kashe wa yarinya karatu. In ya ƙi faɗa, abincinsa ne ya tafi, ga shi tsoho.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani. Gawayin ma nawa ne."

"To wane ne?"

"Ba zan faɗa ba."

"Au! Ni kake gaya wa haka gaban yara? Ɗauko ruwa ka wanke, sannan ka ajiye mini makullaina ka kama gabanka!"

Baba Jatau ya ɗauko bokiti. Ya tsaya gaban bango. Amma shi ne mai cewa a duba tukuna, don haka ya duba. Ya sake dubawa.

Rufin aji uku ne aka zana, yadda wanda ke zaune a ƙasa zai gan shi. Ga azara a jere, ɗaya, biyu, uku. Ta huɗu ta lanƙwasa kamar bayan tsohuwa, ga tsaga a cikinta, ga hanyar gara ta hau bango ta shige.

Ya ajiye bokitin. "Ranka ya daɗe, ka kore ni, na yarda. Amma don girman Allah, kafin yaran nan su shiga aji uku, zo ka ɗaga kanka."

"Yanzu kuma mai shara ne zai koya mini gini?"

"A'a. Zuwa kawai za ka yi ka duba."

Malam Ilu ya shiga yana tsaki. Ya ɗaga bulalarsa ya zunguri azara ta huɗu. Bulalar ta nutse kamar a cikin tuwo, gari ya zubo masa a hula. Ya fito da baya da baya, bakinsa na salati.

Yara arba'in da bakwai ke zama ƙarƙashin wannan azara. Arba'in da bakwai, jama'a! Ranar aka mayar da su gindin darbejiya. Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa da hantsi, suna fakewa a baranda suka ji rugugi, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, inda Lantana ke zama tudun ƙasa ne.

Daga baya Baba Jatau ya tambaye ta, "Jikata, me ya hana ki faɗa da baki?"

Ta ce, "Na faɗa, Baba. Malamin ajinmu ya ce in daina kallon sama, in kalli allo."

Malam Ilu bai ba kowa haƙuri ba. Amma bai karɓi makullai ba, bai sake tambayar suna ba, kuma bangon nan an bar wa yara shi.

Kakana yakan ce darasin a fili yake: Allah ba ya tozarta wanda ya ƙi ƙarya kuma ya ƙi cin amanar yaro. Yaro mai zane kuma ba wasa yake ba, dubawa yake koyo, wata rana zai ga abin da manya suka wuce.

Mu ma nan ba mu da darasin zane. Ban ce a kawo mana fenti ba. Amma malamai, in kun kama littafi da zane a bayansa, kafin ku yaga, ku duba tukuna. Iyaye, gawayi da tsohon kwali ba su fi ƙarfin kowa ba.

Zan liƙa wannan a allon sanarwa yanzu da kowa ke aji. A bayan takardar akwai zanen tagar ajinmu, don Allah wani babba ya juya ya duba. Ban sa suna ba. Ina jin takun takalmi ta wajen ofis, bari in wuce.