Diyyar Jatau Marini

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanni, sunansa Jatau, sana'arsa rini. Bawan Allah ne, ba ruwansa da kowa. Daga karofi sai masallaci, daga masallaci sai gida.

To ku saurara. Wata rana ɗaurin turkuɗi, wato rinannen zane mai tsada, ya ɓace a rumfar wani attajiri, Alhaji Mantau. Aka ce an ga Jatau ya gitta ta wajen. Shi ke nan fa. Ba a tambaye shi ba, ba a bincika ba. Alhaji ya turo 'yan doka har bakin karofi, suka ɗaure shi da igiya a gaban abokan sana'arsa, suka ja shi ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan yari. A can ya yi damina. A can aka iske shi da labarin matarsa Tabawa ta haihu, aka yi suna ba ya nan.

Da kaka ta yi, fataken Alhaji suka dawo daga tafiya, ashe su suka haɗa ɗaurin cikin kayansu bisa kuskure. Aka saki Jatau. Amma jama'a, igiya aka kwance, sunan ɓarawo yana nan. Ba mai kawo masa rini.

Tabawa ta ce, "Maigida, ka kai ƙara. Kada yaron nan ya tashi ana kiransa ɗan ɓarawo."

Da ƙyar ya je. Alƙali ya saurari kowa, sannan ya ce, "Jatau, an zalunce ka. Faɗi asararka a biya ka diyya."

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta malam, na fito da raina da lafiyata, na gode wa Allah. Sauran na yafe."

Alƙali ya ce, "Yafiya hakkinka ce, ba mai hana ka. Amma ka ji dalilin diyya tukuna. Ba mutuncinka za a saya ba, mutunci ba shi da farashi. Ana biya ne don a mayar maka da abin da zai mayu, gari ya ji cewa ba ka da laifi, mai ƙarfi kuma ya ji a jikinsa, gobe ya bincika kafin ya sa a ɗaure wani talaka."

Jatau ya tuna mutanen da ya baro a gidan yari, waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ya ce, "In haka ne, na karɓa. Baban da nake rini da shi ya lalace a karofi, aikin damina kuma ya wuce ni."

Alƙali ya ce, "Gonarka fa?"

Ku ji nan da kyau. Ba wanda zai ƙaryata shi in ya ce ta mutu. Sai ya ce, "Kada a sa gona. Maƙwabta sun yi mini gayya, sun nome, sun girbe, rumbuna cike yake. Nan ba asara na yi ba, alheri na samu."

Alhaji Mantau ya sunkuyar da kai. Ya biya abin da aka yanke, ran kasuwa kuma da kansa ya ɗauko farin ƙyalle a ka, ya dire a gaban Jatau, ya ce, "Malam Jatau, ka yafe mini, ka rina mini wannan." Kafin mako ya zagayo, aiki ya fi ƙarfin hannun Jatau. Shi kuwa gida gida ya bi maƙwabta, yana durƙusawa yana godiya.

To 'yan'uwa, in an tsare ka ba da hakki ba, karɓar diyya ba kwaɗayi ba ne, kariya ce ga na bayanka. Karɓi naka, kada ka ƙara ko ƙwayar gero. Ka kuma tuna waɗanda suka riƙe gidanka ranar da ba ka nan. Kai kuwa mai iko, kafin ka ce a kama, bincika. Allah ya tsare mu da ɗaukar hakkin wani.