Leƙen Ɗan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ɗan Kura da ɗan Zomo suna wasan ɓuya, wanda aka kama ya ba da gyaɗarsa. Kullum Zomo ke kwana da yunwa, don Kura yana leƙe ta tsakanin yatsu.

Rannan Zomo ya ce, "Ka rufe ido kuwa?"

"Wallahi ko hancina ba na gani."

Zomo ya faɗa ramin Beguwa, ya fice ta baya. Kura ya zo a guje, ya cusa kai, Beguwa ta cika masa fuska da ƙaya.

Ta ce, "Ciyawa ta rufe ƙofata, wa ya nuna maka? Tafi uwarka ta cire, ka gaya mata yadda makaho ya gano rami."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu.