Gyaɗar da Ke Bayan Kujerar Akori-kura

A wani ƙauye da ke ƙetaren rafi akwai wani manomi mai tsoron Allah, wanda Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka har ya sayi akori-kura. Motar tsohuwa ce, ƙofar hagu ma sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, amma shi a idonsa babu kamarta a duk ƙasar. Da ita yake kai doya da citta kasuwa, da ita ake kai marasa lafiya asibiti. 'Yarsa ɗaya ce, sunanta Keziya, saboda haka kowa Baban Keziya yake ce masa. Tun ranar da motar ta shigo gidan ya yi wa yarinyar alkawari cewa ranar aurenta ita za ta zauna a gaba, kayan ɗakinta a baya, shi da kansa zai tuƙa ta har ƙofar mijinta.

A ƙauyen nan, in damina ta kankama, rafi yakan cika ya rufe mashigi. Mota ba ta shiga ba ta fita sai ruwa ya janye. A wannan shekara kuwa aka sa ranar auren Keziya da wani saurayi na ƙauyen da ke wancan gefen rafin, aka ce sai bayan kaka. Saboda haka da hadari ya fara haɗuwa, Baban Keziya ya kira Irimiya bakanike, wanda ikilisiyarsu ɗaya, ya ce ya zo su ajiye motar yadda za ta tashi lafiya ranar biki.

Yini guda suka yi suna aiki. Suka wanke taɓon da ya maƙale a ƙarƙashinta don kada tsatsa ta ci ƙarfen. Suka juye tsohon baƙin mai suka zuba sabo, suka cika tanki don kada danshi ya taru a ciki. Irimiya ya ɗaga motar da jak, suka ɗora ta a kan gungumen itace domin tayoyi su huta, ya saki birkin hannu don kada ya kame. Batir kuma ya cire shi, ya ce a kai ɗaki a ɗora a kan katako. Ya cusa tsumma a bakin salansa saboda ƙwari. Baban Keziya yana ta kai da kawo, gumi na tsiyaya, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Da suka zo rufe ta da tampol, Irimiya ya tsaya ya ce, "Saura abu mafi sauƙi. Ka share cikinta tas, ko ƙwayar hatsi ɗaya kada ka bari. Kuma lokaci lokaci ka riƙa buɗe bonet, murfin injin nan, kana leƙawa. Ɓera ya fi ruwan sama ɓata motar da ke ajiye."

Baban Keziya ya ce ai wannan ba aiki ba ne. Ya ɗauki tsintsiya ya share bayan motar, ya share ƙasan kujera, ya karkaɗe ko'ina, ban da wuri ɗaya.

Ga abin da ya sa. Mutumin nan yana son soyayyar gyaɗa, so ba na wasa ba. Amma yana da ciwon ciki, ma'aikacin asibiti ya hana shi, shi kuma ya yi wa matarsa Rifkatu alkawari cewa ya bar ta har abada. A gida kam ya bari. Amma a bayan kujerar mota, inda ake ajiye jak, yana da wani ɗan buhu cike da gyaɗa mai ɓawo. Ya tsaya da tsintsiya a hannu yana duban buhun. Ya ce a ransa, ɗan wannan me zai yi wa mota guda? Ya tura shi can ciki, ya rufe ƙofa, suka ja tampol suka ɗaure.

Ruwa ya sauka, rafi ya cika. Duk ranar da aka tashi da yayyafi ba a je gona ba, sai Baban Keziya ya ce wa Rifkatu zai je ya duba mota kamar yadda bakanike ya ce. Ita kuwa har yabonsa take yi wurin maƙwabta, tana cewa ba ta taɓa ganin mai kula da abin hannunsa kamar maigidanta ba. Shi kuma sai ya ɗaga gefen tampol, ya sulale ciki, ya miƙe ƙafa a bayan sitiyari. Ruwa na kaɗawa a sama, yana ɓare gyaɗa yana watsawa a baki, har da 'yar waƙar yabo a maƙogwaro. Ɓawon kuwa ƙarƙashin kujera yake turawa. Bonet ɗin da aka ce ya leƙa, ko taɓa shi bai yi ba.

Ana nan, sai ya lura gyaɗar tana raguwa fiye da yadda yake ci. Wata rana ya ga 'yar huda a gindin buhun, ya ga kashin ɓera a kan kujera. Ya san maganin abin, gama a gidan akwai wata ƙatuwar kyanwa ta Rifkatu wadda ba ta da aiki sai barci a gefen murhu. Amma in ya ɗauke ta ya nufi mota, Rifkatu za ta tambaya me ya kai ɓera cikin motar da aka share tas, asirin gyaɗarsa kuwa ya tonu. Sai ya hure kashin da baki, ya ƙulle hudar da zare, ya gaya wa kansa ɓera ɗaya ne, zai ƙoshi ya tafi.

Kaka ta yi, ruwa ya janye, mashigi ya buɗe. Aka kai batir gari aka yi masa caji. Rifkatu ta ce ya kamata a gwada motar tun biki bai zo ba, Irimiya ma ya aiko da saƙo haka. Baban Keziya ya ce motar da aka yi wa irin wannan gata ba ta bukatar gwaji. Gaskiyar magana, tsoron abin da zai gani ne ya hana shi. Ana gobe biki aka yaye tampol, aka sauke ta daga kan itace, aka wanke ta har tana ƙyalli, 'yan mata suka ɗaura mata furanni da ganyen ayaba.

Da safe, bayan an ɗaura aure a majami'a, jama'a suka taru a ƙofar gida. Aka loda gado da katifa da tukwane da akwatuna. 'Yan zumuntar mata suka kewaye motar da ganguna suna waƙa suna guɗa. Keziya ta shiga gaba da farin mayafinta, ta zauna a kujerar da aka yi mata alkawari tun tana ƙarama. Baban Keziya ya fito da batir a kafaɗa, cikin sabuwar babbar riga, ya buɗe bonet a gaban kowa.

Ɓeraye suka yi tsalle suka watse ta ko'ina. Ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafun shugabar zumunta, ta yar da gangarta ta haye turmi, ita da kullum take kukan ciwon gwiwa. Da ƙura ta lafa, mutane suka matso suka leƙa. A kan injin ga sheƙa an gina da soson kujera da ɓawon gyaɗa, wayoyi kuwa an gaigaye su, wasu sun rabu biyu suna reto. Irimiya ya duba, ya girgiza kai, ya ce sai an sayo wayoyi daga gari, aikin kwanaki ne.

Rifkatu ta sa hannu ta ɗebo ɓawon, ta dube shi, ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Baban Keziya," in ji ta, "ashe wannan ce motar da kake dubawa duk damina?"

Sai wani ya kasa riƙe dariya, kowa ya fashe. Baban Keziya ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Amma bai yi gardama ba. Ya faɗi gaskiya a gaban jama'a, ya roƙi matarsa gafara. Ita kuwa dariya ta riga ta ci ƙarfinta, ta ce ta yafe, amma yau zai san nauyin kayan ɗaki.

Aka sauke kaya, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Mata suka ci gaba da waƙa, sai ka ce dama haka aka shirya. Baban Keziya ya naɗe babbar rigarsa, ya ɗora katifa a ka. Amarya ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare farar rigarta, ta bi mashigin rafi da ƙafa a gefen mahaifinta. A tsakiyar ruwa ya ce mata ta yi haƙuri, ya karya alkawarinsa. Ta yi murmushi, ko da yake idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ba gyaɗar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Kyanwar Mama tana kwance a gefen murhu duk daminar nan. Da ka faɗa kawai."

Ga ma'anar misalin, ya ku ƙaunatattu. Akori-kurar nan rayuwarmu ce. Da yawa cikinmu mun yi manyan ayyuka: an yi mana baftisma, muna zuwa sujada, muna ba da baiko, daga waje muna ƙyalli. Amma akwai ɗan buhun da muka tura bayan kujera, wata 'yar ƙarya, wata gaba da ɗan'uwa, wani hali da muka ce mun bari alhali muna komawa gare shi in ba mai ganinmu. Muna cewa ɗan wannan me zai yi. Zunubin da aka ɓoye ba ya zama shi kaɗai, yakan kira wasu, su yi ta ci a hankali a inda ba ma son leƙawa, sai ranar da ake bukatar bangaskiyarmu ta tashi, a tarar ba ta motsi. Kuma ba mu kaɗai muke shan wahalar ba. Keziya ba ta ci gyaɗa ko ɗaya ba, amma ita ta taka ruwa ranar aurenta.

Ku lura kuma, ranar da mutumin nan ya fara ganin kashin ɓera, magani yana cikin gidansa. Kunyar faɗin gaskiya ce kawai ta tsaya tsakaninsa da shi. Haka alherin Yesu yake kusa da mu, ba sai mun ƙetare rafi ba, yana jira mu furta ya gafarta mana ya tsabtace mu. Saboda haka in ka koma gida yau, kada ka tsaya goge bayan motarka. Ja kujerar, fito da buhun, ka faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa wanda ka ɓoye wa, tun ɓeran yana ɗaya.